Yadda Zaka Samo Kayan Gyaran Waya Da Na Lantarki Masu Kyau Ba Tare Da An Cusa Maka Jabu Ba

Duk wanda ya zauna a teburin gyara, ko na waya ne ko talabijin ko inbata, ya san rabin aikin nan a kasuwa ake yinsa. Zaka iya zama gwani wajen riƙe ayan ɗin narka dalma da buluwa mai hura iska mai zafi, hannunka baya rawa, kana karanta mita daidai, amma in sikirin ɗin da ka ɗaura na banza ne ko batirin ya shekara biyu yana kwance a sito, toh bayan sati biyu kwastoma zai dawo da faɗa, kuma shi bai san wani dila ba, kai ya sani, sunanka ne zai ɓaci a unguwa. Abin yana damuna sosai musamman in naga yara masu hazaƙa da suka gama koyon aiki sun buɗe ɗan teburinsu da jarin da ba yawa, wata uku kaya marasa kyau sun cinye jarin. Shiyasa na zauna na rubuta wannan daki-daki. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, kalmar orijina da ake faɗa maka a bakin shago bata da nauyin komai, abin da zai kare ka shine lambar kaya, da gwaji kafin ka manna, da dilan da zai karɓi kayansa in sun ƙi.

Mataki na 1: Ka tabbatar abin da zaka sayo shine ya lalace

Wannan ba zan daɗe a kai ba. Waya bata caji, kafin ka ruga sayen daun bod, wato ƙaramin bod ɗin ƙasa mai ɗauke da bakin caji, ka fara goge bakin cajin, ƙura da zaren aljihu suna toshe shi sosai, sannan ka duba fleks, wato siririn faifan wayoyin da ya haɗa ƙasa da fanel, babban bod ɗin wayar, ka saka ta a mitar caji kaga ko tana jan wuta. Sikirin yayi baƙi, ka haska tocila a kai ka gani ko hoto na nan wutar baya ce ta ɗauke. Kaya da yawa da ake maidawa dila ana cewa basu da kyau lafiyarsu ƙalau, matsalar tana kan fanel, kuma irin wannan maidawar ita ke sa dila ya daina yarda da kai ranar da kake da gaskiya. Sannan ka tambayi mai wayar ko tana cikin garanti, in tana ciki kar ka buɗe, tura shi ofishin kamfanin.

Mataki na 2: Da lamba ake sayen kaya, sunan waya baya isa

Nan ne mutane suka fi yin asara kuma asarar ganganci ce. Kwastoma zai ce maka wayata Redmi Note 10 ce, kai kuma ka kira dila kace a turo sikirin ɗin Note 10, alhali akwai Note 10 mai 4G wadda sikirinta AMOLED ne, akwai Note 10 5G wadda nata LCD ne, ko girman ma ba ɗaya bane. Samsung A10 da A10s harafi ɗaya ya raba su amma sikirin ɗin wannan baya hawa wancan, ɗaya SM-A105 ce ɗaya SM-A107. A12 ma iri biyu ce, akwai SM-A125 mai injin MediaTek akwai SM-A127 mai Exynos, daga waje ba zaka bambance su ba sai ka karanta lamba. Su Tecno da Infinix kuwa da lambar ake kiransu a kasuwa dama, Spark 7 ita ce KF6, Hot 10 ita ce X682, kuma in akwai ƙaramin harafi a ƙarshen lambar shima ka faɗe shi kar ka yanke.

Ina zaka ga lambar? In wayar tana kunnuwa ka shiga setin wajen bayanin waya, in bata kunnuwa ka duba bayan murfi ko kwalinta ko jikin firem bayan ka buɗe. Amma kar ka tsaya nan, shi kansa kayan da ka cire yana da tasa lambar. Fleks ɗin sikirin akwai rubutu a jikinsa, batir akwai, na Redmi irin BN56 ko BN54, na Samsung yana farawa da EB, na Tecno da Infinix da itel yana farawa da BL. Ka ɗauki hoton tsohon kayan gaba da baya, ka matso da kyamara kan bakin konekta yadda za'a iya ƙirga ƙafafunsa, ka tura ma dila. In kasuwa zaka shiga da kanka ka saka tsohon a aljihu, ka ɗora shi kusa da sabon a kan kanta ka dubi tsawon fleks, inda ya lanƙwasa, ramin kyamara, ramukan sukuru. Gani ya kori ji.

A talabijin abin ma yafi tsanani, don model ɗaya zaka samu an haɗa shi da gilashin sikirin kala biyu ko uku. Sai ka buɗe baya ka karanta takardar da ke manne a jikin gilashin da lambar da ke kan kowane bod. A Samsung wanda ya fara da BN44 na wuta ne, BN94 babban bod ne, a LG zaka ga EAX a jikin bod ɗin. Bod biyu zasu yi kama sak amma sofwayar ciki ta wani gilashin ce, ka ɗaura hoto ya fito a kife ko kala ta rikice. Fitilun baya kuma akwai masu 3V akwai masu 6V, ka auna ka ƙirga ƙwayoyin da ke kan kowane layi kafin ka fita. Laftof ma haka, lambar bayan sikirin zaka karanta irin NT156WHM-N32, ka ƙirga fin ɗin konekta 30 ne ko 40, kuma ko a masu 40 ɗin akwai tsohon tsari da sabo, ka cusa wanda ba nasa ba zaka iya ƙona fis a kan bod.

Wani amfanin sanin lamba shine zaka gane kayan da ke hawa juna, misali Redmi 9A da 9C sikirinsu ɗaya ne, kuma tunda Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne zaka samu da yawa suna raba sikirin ko batir. Wannan ilimin shine ke rage maka yawan kayan da zaka ajiye, amma ka koya daga abin da ka gwada da hannunka ko daga ogan da ka yarda dashi.

Mataki na 3: Ka san darajojin sikirin kafin a faɗa maka farashi

Abin da ake kira orijina a kasuwa kala-kala ne. Na farko akwai sabo fil daga kamfani, wanda a Samsung yake zuwa a kwalinsa da firem a jiki da lamba mai farawa da GH82 ko GH97, shi yafi tsada kuma kwalin kansa ana buga na jabu don haka kwali kaɗai ba shaida bane. Na biyu folo kom, wato na asali da aka ciro daga jikin wata waya, yana da kyau sosai in bai ƙone ba, ka saka farin hoto ka duba ko akwai inuwar kibod ko ta alamar batir da ta zauna a jiki. Na uku wanda gilashin sama ya fashe aka canza masa wani a inji, cikinsa na asali ne, kyawunsa ya danganta da hannun wanda yayi aikin, ka duba gefe-gefe ko akwai kumfar iska ko ƙura. Sauran duk kwafi ne, kuma kwafin ma hawa-hawa ne.

A iPhone daga X zuwa sama, banda su XR da 11 da dama LCD ne, zaka ji ana cewa insel, had oled, sof oled. Insel LCD ne aka yi shi ya zauna a gurbin OLED, shi yafi araha, yana da kauri, baƙinsa toka-toka ne, yana shan batir fiye da na asali. Had oled kalarsa da kyau amma a kan gilashi aka gina shi, faɗuwa kaɗan sai ya mutu daga ciki ko da saman bai tsage ba. Sof oled shine mafi kusa da na kamfani. Ni a ganina in mutum zai iya ƙarawa ya ɗauki sof, in ba hali ya ɗauki insel mai kyau da saninsa, na tsakiyar nan shi yafi jawo rigima tsakanin mai gyara da kwastoma saboda an biya kuɗi da ɗan yawa kuma baya jure wahala.

Ga wani abu da ya kamata ka faɗa ma kwastoma tun kafin ka taɓa wayarsa. Wayoyin da ake ɗora yatsa a kan sikirin su buɗe, irin Samsung A50 da A51, in ka saka musu insel wannan yatsan ya tafi kenan, don na'urar tana buƙatar hasken OLED ne ta karanta zanen yatsa. A iPhone kuma daga 11 zuwa sama in aka canza sikirin wayar tana fitar da saƙo cewa bata gane kayan ba, batir kuma tun daga XS da XR yake yin haka, kuma daga iOS 15.2 akwai wuri a setin da ke nuna tarihin kayan da aka canza. True Tone ma, wato tsarin da ke daidaita kalar sikirin da hasken wurin da kake, yana iya ɓacewa sai ka kwafe bayanan tsohon sikirin zuwa sabon da ɗan injin nan irin na JCID ko QianLi, saboda haka kar ka yar da tsohon kafin ka kwafa.

Mataki na 4: Inda zaka nema

A Kano, Farm Centre da Beirut Road nan ne cibiyar kayan waya, ƙananan kayan lantarki kuma irin su tiransisto da kafasita sai ɓangaren Sabon Gari. A Abuja akwai Banex a Wuse 2. A Legas Computer Village da ke Ikeja ita ce uwa a harkar waya da laftof, Alaba International kuma ta talabijin da kayan sauti da na hannu da ake saukewa daga kwantena. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da yawa Kano suke shigowa sari. Duk waɗannan kasuwannin akwai mai kyau akwai mara kyau, wani lokacin ma a shago ɗaya, don haka sunan kasuwa ba zai cece ka ba, mutum zaka nema.

Yadda ake gane dilan kirki, ka tambaye shi sikirin kaza, in yace maka akwai kala uku ga farashin kowanne ga bambancinsu, toh wannan ka riƙe shi. Wanda duk abin da ka nuna yace orijina ne wallahi, ka sayi abu ɗaya ka wuce. Ka tambayi ƙa'idarsa ta maida kaya tun kafin ka biya, kwana nawa yake bayarwa, yana buga hatiminsa ko sa hannu a jikin fleks, kuɗi yake maidawa ko canji. Ka karɓi rasit ko da abu ɗaya ka saya. Kuma ka shiga cikin shagon da kanka, yaran da ke tare mutane a bakin kasuwa suna cewa oga me kake nema wasunsu mutanen kirki ne masu neman na abinci, amma in kaya suka ƙi ba zaka san shagon da aka ɗauko su ba. Ka samu dila biyu ko uku da kake hulɗa dasu a kai a kai, kar ka zama mai tsalle saboda bambancin ɗari biyu, ranar da zaka maida kaya masu tsada wannan sabon da kuka yi shi zai yi maka aiki.

Ga Tecno da Infinix da itel akwai Carlcare, ita ce cibiyar gyaransu ta kamfani kuma tana da ofisoshi a manyan garuruwa, ko ba komai ka san farashinsu don ka riƙa aunawa dashi, in wani ya kawo maka abu a rabin wannan kuɗin yace na kamfani ne kasan akwai magana.

Sai sikiraf, wanda ni a wajena taska ce. Matattun wayoyi da fanel da tsofaffin bod na talabijin da ake samu wajen abokan sana'a ko 'yan jari bola, a nan zaka samu ayisi (IC, ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan bod) na asali, konekta, kyamara, sipika, koyil, abubuwan da sabonsu a kasuwa ma ba lallai ya kai su ba. Amma dan Allah ka kula da kayan sata. Yaro ya zo da waya mai tsada a kulle yace ka saya ka farfasa, kar ka karɓa komai arharta, mutane da yawa sun kwana a ofishin 'yan sanda a kan wannan, banda haƙƙin mai ita da zai hau kanka. Daga iOS 18 ma Apple ya faɗaɗa makullin nan zuwa jikin kaya, sikirin ko batir ko kyamarar da aka ciro daga wayar da ke kulle da asusun wani zasu nuna a sabuwar wayar. In zaka sayi sikiraf ka rubuta sunan mai sayarwa da lambarsa da IMEI, wato lambar shaidar wayar, in ana iya gani.

Mataki na 5: Gwaji kafin gam

Ƙa'ida ce a kusan kowace kasuwa, ka cire ledar gaba ko ka shafa gam ko ka yage hatimi toh kaya sun zama naka. Saboda haka ka cire batir daga fanel tukuna, ka jona sikirin a sake ba tare da ka zaunar dashi ba, ka maida batir ka kunna, kuma ka kula kar bayan sikirin ya taɓa fanel. A Samsung ka danna *#0*# zai baka ja da kore da shuɗi da wurin gwada tachi, a Redmi *#*#6484#*#* ne, sauran kuma ka riƙe wata alama a fuskar waya ka ja ta lungu-lungu kaga ko zata kuɓuce a wani wuri, ka buɗe kibod ka danna haruffan gefe. Ka kai haske ƙarshe ka dawo dashi ƙasa kaga ko yana rawa. Ka kashe ka kunna sau da yawa. Sannan ka jona caja ka sake gwada tachi, don akwai sikirin da lafiya lau yake sai an saka caji ya fara danna kansa. Ka barshi a kunne kamar minti goma ka taɓa wajen ayisin fleks kaji ko yana zafi fiye da kima. Bayan duk wannan ka ɗora shi a firem a bushe kaga ya zauna daram, sai ka ɗauko gam irin B-7000 ko T-7000.

Daun bod shima a gwada shi kafin a rufe, kuma caji kaɗai bai isa ba, ka kira wani kaji ko yana jinka, ka duba sabis. Na kwafi da yawa an cire musu ƙananan kayan da ke kula da caji mai sauri da layin eriya, zaka ga wurinsu fayau in ka haɗa da tsohon. In tsohon bod ɗin bakin caji ne kawai ya lalace, gara ka canza bakin ka bar masa bod ɗinsa na asali.

Mataki na 6: Batir

Batir ne kayan da in ya ɓaci zai iya cin shago ko ɗakin mutum, don haka nan ba wurin neman araha bane. Fara da kwanan watan da aka buga a jiki, batir yana tsufa ko ba'a amfani dashi, balle a zafinmu na Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40 a shagon kwano. Ka ɗora mita a kai, sabo mai lafiya zaka same shi wajen 3.7V zuwa 3.9V, in ka ganshi ƙasa da 3V ya daɗe a kwance, maida shi. Ka shafa shi a tafin hannu, in akwai ɗan kumburi ko laushi ko wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kar ka saka. Ka sayi ɗan sikelin nan na dijital ka auna tsohon da sabon, in sabon yafi sauƙi sosai alhali rubutun jikinsu ɗaya, an rage abin ciki. Kuma duk batirin da girmansa ɗaya da na asali amma aka rubuta masa ninkin ƙarfi, ƙarya ce, ba inda za'a zuba wannan ƙarin.

Ga lissafin da zai taimake ka. Batir mai 5000mAh a 3.85V yana ɗauke da kusan 19Wh, wato ka ninka biyun ka raba da 1000. In kana da mitar caji ta USB, ka bar wayar ta shanye har ta mutu, ka maida mitar sifili, ka yi caji a kashe har ta cika, sai ka karanta wajen Wh. Ya kamata ya haura 19 ɗin da kaɗan saboda wutar da ke tafiya a zafi, in kaga ya tsaya a 11 ko 12 ka san abin da aka sayar maka. Kar ka kalli wajen mAh na mitar don ita a wutar caja take ƙirgawa, zai ruɗe ka. Ba kowane batir zaka yi ma haka ba, amma duk sabon kamfani ko sabon dila ka gwada ɗaya kafin ka sari goma.

Mataki na 7: Mosfet, kafasita da ayisi

Masu gyaran inbata da sitabilaiza da amfilifaya ku matso, don jabun nan yafi yawa kuma ido baya kama shi da sauƙi. Ɗauki mosfet ɗin nan IRF3205, wani nau'in tiransisto da kusan kowace ƙaramar inbata ke amfani dashi, a takardar kamfani 55V ne, 110A, juriyarsa ga wuta in ya kunnu 8mΩ ce kacal, wato 0.008 na ohm. Na jabu jikinsa iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, amma ƙwayar da ke ciki ƙarama ce, zai yi aiki a ƙwan fitila, ana ɗora firiza sai ya fashe ya tafi da ƙananan kayan da ke kunna shi.

Yadda zaka gwada, ka saya guda ɗaya ko biyu tukuna. Ka goga auduga mai asiton, wato ruwan goge farce, a kan rubutun, in baƙin fenti ya fito ko wani tsohon rubutu ya bayyana a ƙasa an sake masa suna ne. Ka dubi ƙafafun ko akwai alamar tsohuwar dalma ko an ƙara musu tsawo. Sannan ka bashi 10V zuwa 12V a get, wato ƙafar da ke kunna shi, ka tura 2A ta cikinsa daga injin ba da wuta na tebur, ka auna a kan ƙafafun kansu da mita a milivolt, na gaske zai baka wajen 16mV ko ƙasa, in kaga 50 ko 80 ba shi bane. Ɗan testan nan mai araha da ke nuna kafasitan get shima yana taimakawa, ka gwada wanda ka ciro daga tsohuwar inbata ta asali ka gwada sabon, in na sabon bai kai rabi ba ƙwayarsa ƙarama ce. In zaka sari da yawa ka sadaukar da ɗaya, ka matse shi a bais, wato mamatsin ƙarfe, ka fasa ka ga girman ƙwayar da idonka kusa da ta asali. Kuma in zaka canza mosfet a layi ɗaya ka canza su duka daga kwali ɗaya, kar ka gauraya.

Kafasita kuma ƙa'idar mai sauƙi ce, ƙarfinsa na µF ya zama daidai da na tsohon, volt daidai ko sama, kar ka taɓa sauka ƙasa, kuma ka nemi mai 105°C, mai 85°C baya daɗewa a bod ɗin wuta a ƙasar zafi. Babban na gaba yana zama 400V ko 450V saboda wutar 230V in an miƙar da ita tana kaiwa wajen 325V, kuma yana riƙe wutar bayan an zare filogi, ka sauke ta da rizisto ko ƙwan fitila kafin ka kai hannu. Sunaye irin Rubycon da Nichicon da Panasonic su ne masu kyau kuma su aka fi kwaikwaya, har akwai wanda zaka yanka gwangwanin ka tarar da ƙaramin kafasita a ciki, don haka ka auna ƙarfinsa da kuma ESR, wato juriyar da ke cikinsa, ka ji nauyinsa a hannu.

Ayisin waya irin su MT6357 ko BQ25601 ko 1610A3 na cajin iPhone, yawancin na kasuwa cirowa aka yi aka sake musu ƙwallayen dalma. Wannan ba laifi bane in an faɗa maka, ka duba a madubin aiki ƙwallayen su zama girma ɗaya, gefuna ba gutsurewa, lamba ta dace har harafin ƙarshe.

Mataki na 8: Oda daga nesa

In kana garin da ba babbar kasuwa dole sai ta webil. Kar ka tura kuɗi mai yawa ma wanda a Facebook ko WhatsApp kawai ka sanshi, ka nemi wani abokin sana'a da ya taɓa sayayya wajensa, ka fara da ƙaramar oda, ka ce ya gwada kayan a bidiyo ya sa hannu a jiki kafin ya naɗe, sikirin kuma a saka shi tsakanin kwali mai tauri don a bayan mota ba mai tausayinsa. In kaya sun iso ka kunna kyamara tun kafin ka yanke selotef, bidiyon nan shine hujjarka.

Masu son sarowa daga Chana, kusan duk kayan nan daga kasuwar Huaqiangbei suke fitowa a birnin Shenzhen, kuma akwai 'yan uwa Hausawa da yawa a Guangzhou da ke aikin ejan, su saya su haɗa su turo. AliExpress yafi sauƙi ga mai sayen kaɗan, ka karanta ƙorafin masu tauraro ɗaya da biyu ka duba hotunan da masu saye suka ɗora, kuma kar ka danna cewa ka karɓi kaya sai ka gwada. Shafin sayayya na 1688 yafi araha amma da yaren Chana yake kuma sai da ejan. Ka rubuta darajar da kake so ƙarara, don in kace mafi araha kawai toh mafi arahar za'a baka. Ka lissafa kuɗin kilo da canjin dala da kayan da zasu zo a mace kafin kace ka samu riba, ka kuma tuna hutun sabuwar shekararsu tsakanin Janairu da Fabrairu kasuwa tana rufewa. Batir yana da tasa dokar, tun Afrilun 2016 aka hana ɗaukar batirin litiyom zalla a matsayin kaya a jirgin fasinja, don haka ta wata hanya daban yake zuwa kuma yana daɗewa, kar ka ɓoye shi cikin wasu kaya. Ga mosfet da ayisi na aiki mai muhimmanci kuma, irin inbatar asibiti ko ta masallaci, dilolin kayan lantarki na intanet irin LCSC ko Mouser ko DigiKey sun fi kwanciyar hankali, kuɗin turowa ne da nauyi, sai ku haɗu ku huɗu ko biyar kuyi oda ɗaya.

Mataki na 9: Ajiya, littafi, da maganar da zaka yi da kwastoma

Kaya masu kyau suna lalacewa a shago. Batir a ajiye shi da rabin caji a inda rana bata bugawa, nesa da buluwa, kuma kar ka tara da yawa. Ayisi da mosfet su zauna a ledarsu mai ruwan azurfa, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa jiki yana tara wuta. Sikirin a jera shi a tsaye, kar a ɗora masa nauyi.

Ka samu littafi ko ka buɗe a waya, duk kayan da ka ɗaura ka rubuta rana, wace waya, wace daraja, daga wane dila, nawa. Ka saka ɗan alamarka da maka a jikin kayan. Bayan wata uku ka duba waɗanda suka dawo, zaka ga da idonka wane dila ne kayansa ke dawowa da wane irin batir ne baya kai wata biyu, sai ka yanke shi da hujja.

Shi kuma kwastoma ka ajiye masa zaɓi a gabansa, kace Alhaji ko Hajiya ga na kamfani kuɗinsa kaza, ga mai bi masa, ga na araha amma yatsa ba zai yi aiki ba kuma hasken bai kai ba, wanne za'a saka? Abin da ya zaɓa ka rubuta a rasit da kwanakin garantin da ka bashi da abin da garantin bai ɗauka ba, wato fashewa da shiga ruwa, sannan ka miƙa masa tsohon kayansa a leda, sai dai in batir ne da ya kumbura, shi wannan ka nuna masa ka ajiye a bokitin yashi a wajen shago har ka haɗa da sauran ka kai ma masu sayensu.